Maganin Datif

Damunar bara rufin ɗakina ya yi yoyo, ruwa ya sami wani kwali da nake ajiye tsofaffin takardu. Da na buɗe shi da safe, warin jiƙaƙƙiyar takarda ya buge ni, sai na ji bakina ya cika da wani ɗanɗano, ɗaci-ɗaci, ƙarfe-ƙarfe, da ɗan zaƙin zuma daga ƙarshe. Na zauna a bakin gado ina dariya ni kaɗai. Abin da na tuna ya haura shekara hamsin, kuma in ka yi haƙuri da tafiyar tsohuwa zan ba ka labarinsa.

A Briqueterie aka haife ni, unguwar da mu muke ce wa Birik, a tsakiyar Yawunde, babban birnin Kamaru. Gidanmu na jar ƙasa ne da rufin kwano, yana kan gangare, ta yadda in aka yi ruwa takalman mutanen sama sukan biyo kwata su zo ƙofarmu. Shagon Baba ne a gaba. Tela ne, daga ƙasar Kano ya zo yana saurayi, ya yi suna wajen aikin wuyan riga. Kekunan ɗinki uku ne a shagon, biyu suna aiki, na ukun yana gefe an lulluɓe shi da tsohon zane. Bayan shago sai tsakar gida, da durom biyu na tarar ruwan sama, da reshen mangwaron maƙwabta da ya leƙo ta kan katanga. Da yamma hayaƙin masu tsire yakan gangaro daga bakin titi ya zauna a kan shanyarmu, har kayan makarantata ma ƙanshin yaji suke yi.

Inna Bafulatanar Garwa ce, Hausarta a kasuwa ta koye ta, ba ta raba mace da namiji. Takan durƙusa a ƙofar ɗakin surukarta ta ce, “Ka ci abinci?” Kaka kuma ta amsa, “Na ci, saura Allah ya ba ni gemu.” Kaka ita ce mahaifiyar Baba, ya ɗauko ta daga gida bayan rasuwar mijinta, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe wa Yawunde ba. Takan ce gari ne da ba a zuwa ko’ina sai an hau dutse, kuma mutanensa suna ɗaure rogo a ganye su kira shi abinci. A ƙarƙashin gadonta akwai gwangwanaye jere, na jar kanwa, na saiwoyi, na sassaƙe, na zuma. Ba ciwon da za ka kawo mata ta ce ba ta san shi ba. A ɗakinta nake kwana.

Ni kuwa yarinya ce marar magana. Ba wai ba ni da abin faɗa ba, a’a, in na buɗe baki a gaban mutane ne sai maganar ta koma ciki. In aka aike ni sayen gishiri, nuni nake yi da yatsa. Amma ido da kunne, waɗannan Allah ya ba ni. Na san ramuka nawa ne a rufin kicin, na san kowane maƙwabci da ƙarar takalminsa, na san ranar da Baba ya yi ciniki daga yadda yake taka keke.

A shekarun farko ne bayan samun ’yancin kai, lokacin da ’yan matan unguwarmu da suka wuce firamare ba su cika tafin hannu ba. Na ci jarrabawa na shiga lise, wato sakandare, kuma da yake makina ya yi kyau sai aka sa ni a ajin masu Latin. Ba wanda ya tambaye ni. Da ma an tambaya, nuni zan yi.

Malaminmu na Latin dogo ne siriri, mutumin kudu, an ce ya kusa zama limamin coci sai ya fasa. Kwat ɗaya gare shi, ruwan ƙasa, kullum da alli a gwiwar hannun hagu. A kan keke yake zuwa, kuma yakan manta da ƙarfen da ya maƙale ƙafar wandonsa da shi, ya yini yana koyarwa ƙafa ɗaya a ɗaure. Ba mugu ba ne. Bai taɓa dukan kowa ba. Sai dai yana da wani irin shiru, in ya yi tambaya ya tsaya yana jira, da za ka gwammace bulala.

Ga wanda bai taɓa haɗuwa da Latin ba, bari in faɗa yadda ni ’yar tela na fahimce shi. A wannan harshe suna ba ya zama da riga ɗaya. In shi ya yi aikin, ga rigarsa. In kiransa ake, ga wata. In a kansa aikin ya faɗa, in abu nasa ne, in shi aka ba, in da shi aka yi, kowanne da tasa. Jikin kalmar ɗaya ne, bakin rigar ne ke canzawa. Shida ke nan in abu ɗaya ne, in suna da yawa a sake wasu shida. Sannan sunayen gida biyar ne, kowane gida da irin ɗinkinsa. Wannan jerin shi malam ke kira deklinezon, kuma riga ta biyar, ta wanda aka ba abu ko aka yi dominsa, ita ce datif.

Datif shi ne ya zame mini ƙarfen ƙafa. A gida na farko ya yi kama da maƙwabcinsa na sama, puellae da puellae. A gida na biyu ya yi kama da na ƙasa, domino da domino. A gida na uku ya ari wutsiyar wani daga gida na biyu. Kamar ’yan uwan da ke aron rigunan juna, ka hango daga nesa ka kira sunan wani. In ina ni kaɗai nakan lallaɓa in kamo shi. Amma da malam ya nuna ni da rula ya ce, “Madmazel, datif,” sai duk gidajen biyar su rushe a kaina, in tsaya ina kallon hoton shugaban ƙasa da ke saman allo, shi ma yana kallona.

Abu ɗaya nake alfahari da shi, kayena, wato littafin rubutuna. A lokacin kowane benci yana da rami da ɗan farin kurtu a ciki, ana zuba shunayyar tawada, muna tsoma alƙalami mai bakin ƙarfe. Yawancin yara littattafansu kamar kaza ta bi ta kai. Nawa kuwa ko ɗigo babu. Na ja layuka da rula, kowane gida da akwatinsa, kuma na ware shafi guda na tattara datif na gidajen biyar, na tilo a hagu, na jam’i a dama. Malam ya taɓa ɗaga shi ya nuna wa aji. Ranar ban iya cin abincin rana ba don kunya da daɗi.

Ana cikin ruwan bazara, lokacin da mangwaro ke faɗowa a kan kwano kamar ana jifa, shekarar karatu ta kusa ƙarewa, sai malam ya gaji da mu. Wata Laraba ya ce ranar Litinin zai duba kaye ɗaya bayan ɗaya, sannan kowa ya miƙe ya kawo datif na gidajen biyar da murya. Wanda ya kasa, baɗi ba shi a ajinsa, za a mai da shi ajin da ba a yin Latin. Ya sa muka rubuta a kai wa iyaye su sa hannu.

Baba ba ya karanta Faransanci, don haka ni na karanta masa hukuncin kaina, ina durƙushe a gefen kekensa. Ya tsayar da ƙafa.

“Wato korar ki za a yi.”

Na ce da ƙaramar murya wani aji ne kawai za a mai da ni.

“Ajin da aka mai da mutum don ya kasa, sunansa kora. Ni ban kai ki lise don a riƙa gangarawa da ke kamar buhun gawayi ba. In sun sauke ki, kin dawo gida. Ga keke can, tun bara yake jiran ƙafa.”

Ya nuna na ukun da haɓa, ya sa hannu a takardar, ya ci gaba da ɗinkinsa. Ba a mayar wa Baba magana. Na san kuma inda za a ajiye keken nan in an yaye masa zane: a bakin ƙofa, yana fuskantar titi, inda kowane mai wucewa sai ya gaisa, kowace mai kawo ɗinki sai an yi ciniki da ita, an yi gardama a kan tsawon hannu, an ba ta haƙuri a kan alkawarin da aka saɓa. Tela da baki yake aiki fiye da allura. A makaranta kuwa mutum yana iya yini bai ce uffan ba a yabe shi da natsuwa. Ban ga wurin da ya dace da ni a duniya kamar bencin nan ba, kuma ga shi datif zai raba ni da shi.

Washegari da la’asar na shige bayan durom, inda ba mai ganina, ina ta maimaitawa ƙasa-ƙasa. Ban ji zuwan Kaka ba sai da inuwarta ta rufe shafin.

“Ke ’yar nan, da wa kike magana?”

Na ce karatu ne.

“Wannan ba Faransancin da na saba jin kuna yi ba ne. Yaren wace ƙasa ne?”

Na ce masu shi sun mutu tun da daɗewa.

“Inna lillahi! Duka? Yaren matattu ake koya muku?”

Don in kwantar mata da hankali sai na ce ai har yanzu ana amfani da shi, a coci ake addu’a da shi. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka da Kaka ba, kuma ka ga abin da ta jawo. Kafin in rufe baki ta yafa mayafi, ta kama wuyan hannuna, ta ɗauki kayen da yatsu biyu, muka nufi zauren Alaramma.

Alaramma tsoho ne Bazazzagi da ke koyar da yaran unguwa kusa da masallaci, ni ma a gabansa na yi allo. Ya karɓi kayen ya buɗe shi ta dama, ya juya, ya sake juyawa, sannan ya ce in karanta. Na karanta kamar sauro. Ya ce in fassara. Na ce, ga yarinya, ga ’yan mata. Ga maigida, ga masu gida. Ga sarki, ga sarakuna. Ga hannu. Ga yini.

“Me aka ba su?”

Na ce ba a faɗa ba.

“Wa ya ba su?”

Shi ma ba a faɗa ba.

Ya yi murmushi ya shafa gemu. “Iya, kwantar da hankalinki, wannan ba addu’a ba ce. Nahawu ne. Ashe su ma Allah ya jarrabe su da shi. Mu a kan namu mun sha bulala har bayanmu ya yi kanta.”

“To Allah gafarta Malam, tunda ba kafirci ba ne, a taimaka mata. Ubanta ya ce keke.”

Ya ce zai yi mata rubutun buɗe ƙwaƙwalwa. Da safe aka aiko da shi a kwalba, an rubuta a allo an wanke, baƙi-baƙi da ƙanshin ƙaro. Na sha ranar Juma’a, na sha Asabar, safe da yamma.

Ranar Lahadi bayan azahar Kaka ta shimfiɗa tabarma a inuwa tana tsince shinkafa, ta ce in tsaya a gabanta in biya. Na ce ai ba ta jin yaren. Ta ce, “Ba na jin yaren, amma na san tuntuɓe.” Na fara. Gida na farko ya wuce, na biyu ya wuce da ɗingishi. A na uku na tsaya, don Inna ta fito daga kicin tana kallona, kuma ido biyu sun zama huɗu. Na koma farko. Na sake tsayawa a wuri ɗaya.

Kaka ta ci gaba da ture tsakuwa gefen faifai. Can sai ta ce, ba da ni take ba, da shinkafar take, “Rubutun Malam ba shi da laifi. Amma Balarabe ne. Ya shiga ya tarar da baƙi, ba ya jin yarensu, su ba sa jin nasa.” Ta ɗaga kai. “Nuna mini inda ciwon yake.”

Na buɗe mata shafin datif, ina ɗan jin daɗi ma za ta ga kyawun layukana. Ta dube shi sosai, ta shafa da yatsa, ta kai hanci ta sansana. Sannan ta karyi tsinken tsintsiya ta sa a wurin ta rufe kayen. Na ga tsinken. Na ɗauka alama ta sa mini don in samu shafin da sauƙi.

Litinin ta waye da yayyafi da duhun hadari. Bayan na yi salla Kaka ta ce in je in yi wanka, in kuma cuɗa ƙafafuna da kyau, kada in yi sauri. Da na fito na lura da abubuwa uku. Dutsen gugar shago yana ƙofar ɗakinmu, da gawayi a ciki yana hayaƙi, alhali ba a guga da sassafe. Akwai ɗan curin auduga a bakin kwata, launinsa ba fari ba. Kaka kuma ta ja mayafi ta rufe har hanci, hannunta na dama a ɓoye. Duk na gani. Gani na iya, haɗawa ce ban iya ba.

Ta miƙo mini kwanon sha da murfinsa a cikin duhun ɗaki. “Fuskanci gabas. Rufe ido. Yi bisimilla, kurɓi uku, kada ki numfasa.” Na yi yadda ta ce. Ɗaci ya fara zuwa, sannan wani ɗanɗano kamar na tsotsi ƙusa, sannan zuma. Ta karɓe kwanon kafin in buɗe ido, ta rataya mini jakata da kanta, ta tura ni waje. Na rufe kai da baki da ɗankwali saboda ruwa, na hau tudu na sauka, kaina a ƙasa, bakina a rufe kamar kullum. Ba wanda ya ga komai, har ni.

Malam ya shigo da ƙafar wandonsa a ɗaure, ya ce a buɗe kaye a ajiye a kan benci. Na ciro nawa, na ji ya yi kauri kuma yana da ɗumi-ɗumi. Na buɗe inda tsinken yake.

Babu komai. Shafin ya zama shunayya mai haske tun daga sama har ƙasa, kamar sararin sama bayan magariba, ya yi ’yan tudu da kwari, yana ƙaurin gawayi. A tsakiya ga sawun dutsen guga, da tsininsa da komai. Bayan shafin ma ya tafi, ya ɗauki rabin ablatif, riga ta shida, ya tafi da shi. A can ƙasa ta dama wata wutsiyar kalma guda ta tsira, bus, ita kaɗai kamar wadda ambaliya ta bari a kan reshe. A nan ne auduga da dutsen guga da kwanon sha suka haɗu a kaina. Kaka ta wanke shafin kamar yadda ake wanke allo, ta sa zuma, ta goge takardar don ta bushe, ni kuma na fuskanci gabas na shanye.

Ina jin takun malam yana matsowa, benci bayan benci. Ya tsaya a kaina. Ya ɗauki kayen, ya juya shafin, ya ɗaga shi wajen taga, ya sansana kamar yadda Kaka ta yi.

“Madmazel, ina datif?”

Irin shirun nan nasa ya sauka, ruwa na ɗiga daga bakin kwano a waje, ɗis, ɗis.

“Tashi. Ina tambayar ki. Buɗe baki ki yi magana.”

Na miƙe, na buɗe baki. Ban kai ga cewa komai ba na ga ya ja da baya taku ɗaya. Ya gyara tabarau. Ya ce in fito da harshena. Na fito da shi. Yarinyar da ke zaune kusa da ni, ’yar wani ma’aikaci daga unguwar Tsinga, ta leƙo ta yi ƙara. Daga baya ta ba ni aron madubi na gani: harshe, dasashi, har tsakanin haƙora, kamar an tsoma ni a karofi.

“Me kika yi da datif?”

Na ce, “Na sha shi, Misiye.”

Ban san aji yana iya yin irin wannan ƙara ba. Wasu suka kwanta a kan benci, wani yaro ya faɗo ƙasa, malamin ajin da ke kusa ya leƙo ta taga. Malaminmu kaɗai bai yi dariya ba. Ya buga rula sau ɗaya, ya ce in yi bayani. Ina tsammanin ya ɗauka rashin kunya ce, ko kuwa na zauce.

To, a nan wani abu ya faru da har yau nake mamakinsa. Abin da nake tsoro duk rayuwata shi ne a dube ni a yi dariya. Ga shi an dube ni, an yi dariyar, mutum arba’in da wani abu, kuma na duba na ga ban mutu ba. Ba sauran abin da zan ɓoye, har cikin bakina an gani. Sai na ji magana tana fitowa. Na gaya masa yadda ake rubutu a allo a unguwarmu, a wanke a sha don neman lafiya ko buɗewar kai. Na gaya masa na Alaramma Balarabe ne, kuma a ganin Kaka bai jin yaren baƙin da ya tarar. Na gaya masa zancen tsinken tsintsiya da dutsen guga. Har keken ɗinki na uku sai da na ambata. Tunda aka haife ni ban taɓa jera magana mai tsawon wannan ba, kuma da Faransanci.

Ya saurara har ƙarshe. Na ga gefen bakinsa yana rawa, ya juya ya kalli allo na ɗan lokaci, kafaɗunsa suna motsi. Da ya juyo fuskarsa ta koma daidai.

“To. Tunda yana ciki, fito mana da shi.”

Na fara. Puellae, puellis. Domino, dominis. Na iso gida na uku inda na saba faɗuwa, na ji regi ya fito da kansa, regibus na biye da shi. A gida na huɗu, gidan hannu, na ce manibus, amma na tilon ya ƙi zuwa. Na tsaya. Na laluba ko’ina, babu shi. Na tsallake na kawo diei, diebus, na gida na biyar.

“Manui,” in ji malam. “Da alama wannan a gindin kwano ya rage.” Ya rubuta wani abu a littafinsa. “Tara cikin goma. Kina nan a ajina. Ki sake rubuta shafin nan sau biyar, kuma ki gaya wa kakarki ina gaishe ta, amma na roƙe ta ta bar mini sauran littafin.” Ya rubuta haka a ƙasan shafin da jan alƙalami, don Baba ya sa hannu.

Da na iso gida rana ta fito, jar ƙasa na tururi. Na durƙusa a gefen keken Baba na karanta masa saƙon, da murya, har abokin aikinsa ya ɗaga kai don bai san ina da ita ba. Baba ya dubi shafin, ya dubi bakina, ya tashi ya shiga cikin gida, ina biye.

Kaka na zaune a ƙofar ɗaki, har yanzu mayafi a kan hanci. Baba ya tsuguna ya ce, “Iya, littafin makaranta kika wanke?”

“An kore ta?”

“Ba a kore ta ba.”

“To me kake tambaya?”

Garin faɗar haka mayafin ya zame. Leɓunan Kaka, da harshenta, da ’yan haƙoran da suka rage mata, duk shunayya ne, har sun fi nawa. Inna ta saki muciya ta shige kicin, muna jin ta tana shaƙewa. Baba ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hannun riga, don ba a yi wa uwa dariya a gabanta.

“Me kuke kallo?” in ji Kaka. “Tawadar Nasara ce, ban san halinta ba. Zan ba jikata abin da ban fara sha na zauna na ga ko yana kisa ba? Kurɓa ɗaya na yi, babba.”

Na ce mata ashe manui yana wurinta, shi ya sa na neme shi na rasa. Ta ce in ina so in zo in karɓa. Baba ya sa hannu a takardar a kan gwiwarsa, kuma kafin watan ya ƙare ya sayar da keke na uku ga wani tela a unguwar Nkomkana.

Labari ya zaga Birik. Har sati biyu mata suna sallama da littattafan ’ya’yansu a ƙarƙashin mayafi, wannan lissafi ke damunsa, wannan dikte, wato shifta. Kaka ta ƙi. Ta ce ita ba ta buɗe asibiti ba, kuma harshenta bai gama komawa daidai ba. Ba a daɗe ba ma biro ya shigo makarantu, aka kwashe kurtunan, ramukan benci suka zama wurin tara ɓawon gyaɗa. Kaka ta gwada rubutun biro da jiƙaƙƙen yatsa sau ɗaya, ta ga bai motsa ba, ta ce wannan ilimi ne mai rowa.

Na yi Latin shekara shida, daga baya na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, wato na ƙare a sana’ar da ta fi ta tela yawan magana. Yau Birik ta cika ta batse, benaye sun tsaya inda gidajen ƙasa suke, kuma da wuya ka sami yaron da ya san mene ne datif. Jikokina a waya suke karatu, suna shafa gilashi da yatsa, ba abin da za a wanke. In ɗayansu ta kasa wani darasi nakan zaunar da ita in yi mata bayani dalla-dalla, da misalai, yadda aka koya mini a makarantar horon malamai, ta ce ta gane, ta tashi. Na fi Kaka sanin hanya nesa ba kusa ba. Ita ba ta san harafi ko ɗaya ba, ba ta san abin da ke cikin kwanon nan ba, shi ya sa ta fara sha.